Guntun Katakon Kawu

Idan baƙo ya sauka a garinmu ya ce yana son ganin zane, ba hoton kalanda ba, zane na hannu wanda mai shi yana nan da ransa, to duk wanda ya tambaya wuri ɗaya zai nuna masa. Za a ce ya bi layin masu gilashi har ƙarshe, ya wuce mai gyaran agogo, ya shiga shagon da ƙofarsa ba ta buɗewa duka. Can zai tarar da wani gajeren dattijo da fensir a bayan kunne yana yanka katako. Wannan shi ne Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda kowa ke kira Mai Firam. Ni kuwa mai zane ce, kuma shekara tara na yi ina jin haushinsa. Gara in faɗa tun yanzu, kada a ce na ɓoye.

Kawu bai taɓa shiga ajin zane ba ko da kuskure. Kafinta ne tun tasowarsa, ƙofofi da gadaje da kujerun makaranta. Yana da shekara talatin da 'yan kai injin zarto ya ɗauke masa rabin manuniyar hannun hagu. Maigidan aikinsu ya ce ya huta da manyan katakai, ya mayar da shi lungu yana haɗa firam ɗin madubi da na hotunan iyali. Mutane suka yi ta yi masa jaje. Shi kuwa ya ce tunda yake bai taɓa samun aikin da ya dace da halinsa kamar wannan ba. Ba hayaniya, ba ɗaukar nauyi, kusurwa huɗu ce kawai, ko su haɗu ko kada su haɗu. Bayan shekara biyu ya kama nasa shagon, kuma a cikinsa ya tsufa.

Shagon bai fi ɗakin kwana girma ba. Teburin aiki ya cinye rabinsa, gilasai na jingine a bango an raba su da kwali, sandunan firam kuma a jere a sama kamar rake. Ƙarƙashin tebur akwai wani tsohon akwati cike da guntayen katako, ragowar abin da aka yanke. A bangon da ke kallon ƙofa wani babban baƙin firam ne a rataye, babu komai a cikinsa sai bangon. Tun ina ƙarama nake tambayarsa na waye, yana cewa mai shi bai zo ba tukuna.

Da masu zane suka gano cewa kusurwar Kawu ba ta buɗe baki ko da an shekara goma, sai suka koma wurinsa kaf. Daga nan ne ya zama idon gari ba tare da ya nema ba. Duk zanen da za a rataye a baje koli sai ya kwana a shagonsa sati biyu kafin kowa ya gani. Don haka in ka tambaye shi wanne ya kamata a je, ba ya jan magana.

"Na zauren ɗakin karatu, je ka," in ji shi. "Amma ka fara daga bangon hagu, na dama duk na bara ne aka sake wa firam. Na otal ɗin nan kuwa kada ka ɓata takalminka. Da ɗanyen fenti aka kawo mini su, har yanzu yana hannuna."

Baje koli abu ne mai sauƙi, ƙofa a buɗe take ga kowa. Abin da ya fi wuya shi ne shiga ɗakin aikin mai zane. Mu masu zane ba mu da kirki a wannan fannin, gaskiya ɗaya ce. Ka ƙwanƙwasa mana ƙofa muna ciki mu yi shiru kamar ba kowa. To amma in Kawu ya ga baƙo da gaske yake, sai ya ajiye zarto ya yi masa tambaya ɗaya, kuma kullum ita ce.

"Idan kana jiran mota a tasha, me kake kallo?"

Wani direban bas ya ce shi tsatsar rufin kwano yake kallo, yadda take sauka layi-layi. Kawu ya tura shi wurin Dogo mai walda, wanda ke ƙera siffofin mutane da tsuntsaye daga tsofaffin ƙarafan mota. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce ita fuskokin masu gyangyaɗi take kallo, ya tura ta wurin wata malama da ke zana mutane da gawayi kawai. Wanda ya ce wayarsa yake kallo kuwa, Kawu ya nuna masa hanyar otal da fara'a.

Yadda yake turawar ma nasa ne shi kaɗai. Zai sunkuya ya zaro guntun katako daga akwatin nan, ya ciro fensir daga bayan kunne, ya rubuta kwatance a bayansa: bayan gidan mai, hawa na biyu, koriyar ƙofa, kada ka je kafin azahar. Duk mai zanen da ya leƙa ya ga guntun nan a hannun baƙo, zai buɗe ƙofa, ya share masa kujera, ya ɗora ruwan shayi. Baƙo ya gama kallo ya bar guntun ya tafi. Kowane mai zane a garin nan yana da gwangwanin da yake tara su. Ba mai faɗa da baki, amma in ka shiga ɗakin ɗan'uwanka, kafin ka kalli bango sai ka saci kallon gwangwaninsa. Dogo mai walda bokiti ne ma da shi, don rashin kunya a bakin ƙofa yake ajiye shi.

Ni ma ina da gwangwani. Na madara ne, na wanke shi tas na cire takardar jikinsa ranar da na kai wa Kawu zanena na farko. Shekara tara yana bin ni daga ɗaki zuwa ɗaki, ko ƙuda bai faɗa ciki ba.

Ku duba fa. Mutumin nan shi ya saya mini akwatin fenti na farko. A kan teburinsa na koyi riƙe fensir. Kowane zanena shi ya yi wa firam da hannunsa. Amma ya tura baƙi wurin yaron da aka yaye a makarantar zane bara, ya tura su wurin matar da ke liƙa tsumma a jikin allo, ni 'yar ƙanwarsa ko ɓataccen mutum bai taɓa turo mini ba. Kuma bai taɓa cewa uffan a kan aikina ba. In na kawo zane, juya shi yake yi ya kalli bayansa, ya auna, ya rubuta awon a jikin tebur, ya ce in dawo ran Laraba. Kamar na kawo masa madubi.

Akwai halina da ya kamata in faɗa, tunda na faɗi nasa. Kawu in ya gama firam, yana kafe zanen ta baya da ƙananan ƙusoshi, ya shafa gam, ya rufe bayan gaba ɗaya da takarda mai ruwan ƙasa don kada ƙura ta shiga. A wurinsa aiki ya ƙare ke nan. A wurina kuwa a lokacin ake farawa. Sai na rataye zane a ɗaki na zauna, sannan zan ga inuwar ta yi nauyi, ko wuyan matar ya karkace, ko jan nan ya cika ƙara. Kwana uku ba na iya barci mai daɗi. A na huɗu in saɓo shi in koma shago.

"Kawu, buɗe mini. Abu kaɗan zan taɓa."

"Uwar Gyara ta iso," in ji shi, ya ɗauko wuƙa ya tsaga takardar, ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya ya zuba a murfin kwalba. Bai taɓa ƙi ba, bai taɓa yin tsaki ba. Akwai zanen da ya buɗe mini sau biyar. Sunan nan kuwa ya bi ni, har Mama da shi take kirana in ta so tsokana.

Da abin ya ishe ni, sai na kai ƙara wurin Mama. Ta yafa mayafi muka tafi tare, ta zauna a kan kujerar baƙi tana kaɗe garin katako daga zanen da ta ɗaura.

"Yaya, yarinyar nan fa tana cewa ka tsane ta."

"Ni ban ce ya tsane ni ba," na ce. "Cewa na yi ya raina ni."

Kawu bai ɗago daga kusurwar da yake haɗawa ba. "Lokacinta bai yi ba," in ji shi.

"Yaushe zai yi?" in ji Mama. "Sai ta yi furfura? Ko so kake ta koma walda?"

Ya yi dariya, ya tambaye ta ciwon ƙafarta, suka shiga hirar magani. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina huci, babu wanda ya ko kalle ni.

Wanda ya warware mini zancen wani tsohon mai zane ne da muke kira Mai Shuɗi, don shekara talatin ke nan bai taɓa wani launi ba. Sa'an Kawu ne, a bayan tashar jirgin ƙasa yake zaune. Na je aron wani buroshi, na ɓuge da zuba masa ƙorafi. Ya saurara har na gaji, sannan ya tambaye ni ko na san baƙin firam ɗin nan da ke rataye a shago.

"Nawa ne," in ji shi.

Ya ce shekara talatin da suka wuce ya yi wani babban zane na kasuwa da safe, mutane sun fi arba'in a ciki, wata takwas yana kansa. Kawu ya zo ya auna, ya ga abin da ya gani, zumuɗi ya kama shi. Tun kafin ya haɗa firam ya turo masa wani baƙo, babban mutum mai iya magana. Wannan shi ne guntun katako na farko da Kawu ya taɓa rubutawa. Baƙon ya tsaya gaban zanen ya daɗe, sannan ya nuna wata 'yar kusurwa can sama inda sararin sama ya leƙo tsakanin rumfuna, ya ce duk zanen nan wannan shuɗin ne ransa.

"Da ya fita sai na ga kamar gaskiya ya faɗa," in ji Mai Shuɗi. "Na ce bari in ɗan faɗaɗa wurin. Na faɗaɗa, sai rumfar gefe ta zama ba ta dace ba, na shafe ta. Ran da kawunki ya iso da firam a kafaɗa, babu kasuwa, babu mutum ko ɗaya. Ya tsaya ya kalla, ya juya da kayansa."

Na ce Allah sarki. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi kam ya saba da shuɗinsa, Kawu ne bai warke ba.

"Tun ranar ya ɗaukar wa kansa alkawari," in ji shi. "Duk mai zanen da ke dawo da firam a buɗe masa, ba ya tura masa kowa. Yana cewa wanda bai gama da zanensa ba, maganar baƙo ce za ta gama masa shi. Ke kuma na ji an ce har suna gare ki."

To, mai hankali da ya ji wannan sai ya daina gyara. Ni sai na yi dabara. Na ce ashe abin da sauƙi, ai ba sai Kawu ya sani ba. Na sayi wuƙa irin tasa, na sayi gam, na nemo takarda mai ruwan ƙasa. Zane na gaba da ya rufe mini, na wata mata ce mai guga, na buɗe abina a ɗaki, na rage hasken tagar, na mayar da ƙusoshi, na liƙe takarda sumul. Wallahi har alfahari na yi da aikin. Wata shida ban koma shago da firam ba, ina ta jiran in ji ƙafar baƙo a matakala.

A cikin watannin aka yi baje kolin haɗin gwiwa a zauren ɗakin karatu, mu goma sha biyu, aka rataye mai gugata kusa da ƙofa. Kawu ya zo da rana tsaka, da rigarsa ta fita da fensir a kunne. Yana da wata ɗabi'a da masu tsaron zaure suka gaji da hana shi: duk zanen da ya yi wa firam sai ya ɗaga shi daga bango ya duba bayansa. Ya iso kan nawa. Ya ɗaga, ya bi gefen takardar da babban yatsa a hankali, yana taɓa kan ƙusoshin ta cikinta. Ina tsaye a gefensa ina murmushi kamar mutuniyar kirki.

"Ƙusoshin nan sun miƙe," in ji shi.

Ya mayar da shi bango, ya daidaita, ya wuce na gaba. Sai a lokacin na tuna. Da guntuwar manuniyarsa yake riƙe ƙusa, don haka kowace ƙusa tasa a ɗan kwance take shiga, ta karkata hagu. Duk garin nan babu mai ƙusa irin tasa, ni kuma da yatsuna cikakku na kafa nawa tsaye cak kamar sojoji. Kunyar da na ji ranar ba ta faɗuwa. Na fita ta ƙofar baya, ko sallama ban yi wa kowa ba.

Bai taɓa tayar da maganar ba. Na ci gaba da kai masa zane, ya ci gaba da juya su yana aunawa. Na rage gyara, amma ban daina ba, ƙarya ba kyau.

A bara idonsa ya fara ba shi matsala. Sau biyu a wata ɗaya ya yanka sanda ta gaza da faɗin yatsa, shi da bai taɓa sake awo ba. Ba wanda ya ce masa ya bari, masu zane ma cewa suka yi za su riƙa karanta masa ma'auni. Ya ce a'a, mai firam ɗin da ake karanta wa ma'auni ya zama mai riƙe guduma kawai. Ya sanar cewa ƙarshen wata zai rufe shago ya mayar wa mai gida mabuɗi.

Hankalina ya tashi, kuma ba don tausayinsa kaɗai ba. In shagon ya rufe, akwatin guntaye ya rufe. Duk abin da zan zana bayan nan, ko duniya ta taru a ƙofata, zan mutu ina wadda Mai Firam bai taɓa tura wa kowa ba.

Akwai zanen da nake kai a lokacin, na Kawu ne kansa, ko in ce na hannayensa. Ban sa fuska ba. Teburin ne kawai, da hasken ƙofar nan da ba ta buɗewa duka, da hannaye biyu suna haɗa kusurwa. Daga ka na zana shi, don na san in na ce ya zauna mini ba zai zauna ba. Na gama saura kwana goma sha biyu a rufe shago, na kai masa. Ya karɓa, ya ɗan tsaya da shi a hannu fiye da yadda ya saba, sannan ya juya ya auna. Ya ce ran Laraba. Shi ne firam na ƙarshe da ya haɗa, da farin katako mara ado, kuma kusurwoyin sun haɗu kamar da can tare aka halicce su.

Na kawo shi ɗaki na rataye, na ja kujera na zauna. Ko minti biyar ban yi ba na ce innalillahi. Hannun hagun da na zana yatsu biyar ne cif, manuniyar doguwa har da farce. Shekara da shekaru ana koya mana zana hannu, hannuna ya zana abin da ya haddace, idona kuma bai tsaya ya tambaya ba. Ni da na girma ina kallon guntun yatsan nan yana riƙe ƙusa! Kuma na san ya gani. Wannan tsayawar da ya yi da zanen a hannu, ita ce.

Gyaran ba zai ɗauki rabin awa ba. Amma na san in na taɓa, na kashe kaina da kaina. Na sa wuƙar a aljihun tebur na kulle, na ba maƙwabciyata mai ɗinki mabuɗin na ce ko na yi kuka kada ta ba ni. Kullum sai in buɗe ƙofar ɗaki tun safe, in share kujera, in goge gwangwani. Ɗakina a hawa na uku yake, ana jin duk mai hawowa tun daga ƙasa. Na ji ƙafar mai kawo ruwa, na ji ta masu zuwa awon kaya wurin mai ɗinki. Labari yana zuwa mini cewa Kawu na ta raba guntaye kamar ba gobe, bokitin Dogo har ya cika ya zuba.

Ranar ƙarshe na je taya shi kwashe kaya. Masu zane sun cika layin, kowa na ɗaukar abin da zai iya. Mai Shuɗi ya zo da kansa, ya sauke baƙin firam ɗin daga bango, suka kalli juna da Kawu, ya saɓa shi a kafaɗa ya tafi. Na leƙa ƙarƙashin tebur na ga akwatin wayam. Kawu ya ja ƙofar nan mai taurin kai, ya sa kwaɗo, ya ce mini in gaida Mama. Na ce za ta ji. A hanya na yi kukana na share, ba wanda ya sani.

Washegari na karɓi mabuɗina wurin mai ɗinki. Me ya rage kuma? Na zuba buroshi a cikin gwangwanin, aƙalla ya yi amfani. Na sauke zanen, na kifa shi a tebur, na ɗora bakin wuƙa a gefen takardar. Sai yatsana ya taɓa kan ƙusa ta farko, a kwance, ta karkata hagu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, goma sha shida ne. Na tuna cewa in na zare su, babu wanda zai sake kafa irinsu har abada. Ba wani haƙuri ba ne ko hankali ya zo mini, ƙusoshin ne kawai na kasa cirewa. Na mayar da zanen bango da yatsansa biyar.

Sati na farko ba na iya kallon wajen. Na biyu na fara kallo ina tsaki. Zuwa na shida na kama wani aikin daban, har nakan wuni ban tuna da shi ba.

Wata safiyar Talata ina wanke buroshi na ji ana hawowa. Taku uku, a tsaya. Taku uku, a tsaya. Na ce wannan ko wace tsohuwa ce ta zo wurin mai ɗinki, Allah ya ba ta sauƙi. Sai na ji an wuce ƙofar mai ɗinki. Na leƙa, na ga fensir a bayan kunne.

"Kawu! Kai da gwiwar nan? Ai da ka aiko na zo."

"Wanda ya gina benen nan ba ya son mutane," in ji shi yana haki. Bai taɓa shiga ɗakin aikina ba, ko wannan ko na baya. Na jawo kujera, bai zauna ba. Ya wuce kai tsaye wurin zanen, ya ɗaga shi daga bango, ya bi gefen takardar da babban yatsa, kusurwa zuwa kusurwa, har ya zagayo. Ya mayar, ya daidaita. Sannan ya ja kujerar da kansa ya ajiye ta a gaban zanen, kusa sosai saboda idonsa, ya zauna. Tunda nake ban taɓa ganin ya zauna gaban zanena ta fuska ba.

Na ɗora ruwan shayi don in sami abin yi da hannuna. Ruwan ya tafasa, na zuba, ya huce, bai motsa ba.

"Kin mayar mini da yatsana," in ji shi.

"Kuskure ne, Kawu."

"Na sani. Tun a shago na gani." Ya ɗaga hannunsa na hagu ya kalla, ya kalli na bango. "Hasken ƙofar ma ya fi na gaske yawa. Kuma ni ba na riƙe guduma can ƙasa haka."

Na ji idona ya tafi kan aljihun tebur inda wuƙar take. Na kawar da kai.

"Za ki gyara?"

"A'a. Haka zai zauna."

"Ko da na ce?"

"Ko da ka ce. Na gama da shi."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya daɗe yana lalube, ya zaro guntun katako ya miƙo mini. Tsoho ne, ya yi duhu, gefensa ya yi santsi don yawan taɓawa. Na juya bayansa. Layi uku ne da fensir. Na farko ya kusa gogewa: gidan ƙanwata, ɗakin baya, kusa da tankin ruwa. An ja masa layi. Na biyu: saman shagon mai kifin gwangwani, a yi hankali da matakala. Shi ma an soke shi. Na uku da manyan baƙaƙe masu rawa, irin rubutunsa na bayan nan: hawa na uku, bayan mai ɗinki, ƙofa a buɗe take.

"Ranar da kika kawo na farko na yanke shi," in ji Kawu. "Duk wanda ya shigo shago sai na ce ko wannan ne, sai in ga kin shigo da firam a hammata. Yanzu ke kin gama, ni kuma ba ni da shago, ba ni da baƙi. Sai na turo wanda ya rage."

Na sake juya guntun a hannuna.

"Ina gwangwanin?" in ji shi. "Ko ba ki da shi ne?"

Na ɗauko shi, na juye buroshin a ƙasa gaba ɗaya, na goge cikinsa da gefen rigata. Ya karɓi guntun daga hannuna, ya riƙe shi da guntuwar manuniyar nan, ya sake shi ciki. Ya yi ƙara ƙwal, don babu komai a ƙasan da zai tare shi.

"To," in ji Kawu, ya gyara zama ya juya ga sauran bangon. "Sake ɗumama shayin nan. Ki fara nuna mini daga hagu."